'Ya'yan Mutanen da Aka Musanya da Kwal

Mai karatu, a ranar 23 ga Yuni 1946 gwamnatin Italiya da ta Beljiyam suka sa hannu a wata yarjejeniya da ba ta da maraba da cinikin kasuwa. Italiya za ta tura majiya ƙarfi 50,000 su shiga ramukan haƙar kwal, Beljiyam kuma ta riƙa sayar mata da kwal gwargwadon yawan mutanen da ta turo. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Italiya da yunwa da zaman kashe wando, su kuwa 'yan Beljiyam sun fara gudun aikin rami.

Daga Milan ake duba lafiyarsu a loda su a jirgin ƙasa. Wanda ya isa ya ga ramin ya ce ya fasa, sai a tsare shi kafin a mayar da shi gida. Waɗanda suka daure, daga baya suka aika wa matansu da 'ya'yansu su biyo su garuruwa irin su Marcinelle, a gefen Charleroi.

To, a nan ne labarin yaran ya fara, kuma ni shi ya fi taɓa min zuciya. Gidan da aka yi wa iyali alkawari ashe rumfunan katako da kwano ne, wasunsu ma tsofaffin sansanonin fursunonin yaƙi. Da hunturu sanyi har ƙashi, ga taɓo a ƙofa, ga banɗaki na tarayya. Filin wasan yaro shi ne tulin baƙar ƙasar da aka fito da ita daga rami. A ɗaki uwa na magana da harshen ƙauyensu, a makaranta malami na Faransanci, yaran unguwa na tsokanarsa da sunan taliya. Kafin ya kai shekara goma ya zama tafintan gidansu a asibiti da ofis. Da dare kuma tarin babansa ke hana shi barci, don ƙurar dutse ta cinye huhu.

Sai ranar 8 ga Agusta 1956. Da safe wuta ta tashi a ramin Bois du Cazier da ke Marcinelle, bayan wani keken kwal ya maƙale a na'urar hawa da sauka, ya jawo tsinkewar wayoyin lantarki da bututun mai. Mata da yara suka yi cirko-cirko a bakin ƙofar ƙarfe har mako biyu, ana ta sa rai. Mutum 262 suka mutu, 136 'yan Italiya ne. Ƙaramin garin Manoppello kaɗai ya rasa sama da 20. Da aka je kotu, injiniya ɗaya tak aka samu da laifi a 1961, shi ma wata shida na jeka-ka-gyara-halinka. Haba jama'a!

Bayan wannan gobara Italiya ta dakatar da tura mutanenta, amma dubban iyalai sun riga sun yi saiwa. Salvatore Adamo, da aka haifa a Sisili a 1943, yana ɗan ƙarami mahaifinsa ya kawo su yankin kwal, ya tashi ya zama shahararren mawaƙi. Elio Di Rupo kuwa an haife shi a Morlanwelz a 1951. Yana da kamar shekara ɗaya mahaifinsa ya rasu a haɗarin hanya, ya bar matar da ba ta iya karatu ba da 'ya'ya bakwai, har sai da aka kai wasunsu gidan marayu. Wannan autan ne ya yi digirin digirgir a kimiyyar sinadarai, ya kuma zama firaministan Beljiyam daga 2011 zuwa 2014.

An rufe ramin a 1967, yanzu gidan tarihi ne, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Duk ranar 8 ga Agusta jikoki kan taru a harabarsa, a buga ƙararrawa sau 262, a karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya.