Kare rayukan ɗalibai a titunan gaban makarantu: Hanyar Paikon Kore da abin da doka ta tanada

Paikon Kore gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ta Babban Birnin Tarayya, Abuja, wanda aka fi saninsa da gandun kiwon da gwamnati ta keɓe wa makiyaya. A shekarar 2024 Hukumar Gudanarwar Birnin Tarayya, a ƙarƙashin minista Nyesom Wike, ta fara gina hanya mai tsawon kilomita 9 daga garin zuwa Ibwa. Sabuwar kwalta na sauƙaƙa wa manomi kai amfanin gona kasuwa, tana kuma rage wa mara lafiya wahalar isa asibitin koyarwa na Gwagwalada. Sai dai hanya idan ta yi sumul, direba kan ƙara wuta, kuma yaran da ke tafiya makaranta a ƙasa su ne wannan gudu ya fi yi wa barazana.

Girman matsalar

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen halaka yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka, duk da cewa motocinta ba su kai na sauran nahiyoyi yawa ba.

Yaro ya fi babba shiga haɗari saboda dalilai sanannu. Gajartarsa kan sa motar da aka ajiye a gefen titi ta ɓoye shi daga idon direba. Ƙaramin yaro bai iya auna nisan mota da saurinta daidai ba, kuma da ya hango abokinsa ko mai sayar da alewa a ɗaya gefen, sai ya zura da gudu. Idan mota ta buge babba, yawanci a ƙafa take samunsa, amma yaro a ƙirji ko a ka take dukansa.

Lokacin haɗarin ma sananne ne: da safe sa'ad da ake rige-rigen shiga aji, da kuma lokacin tashi, inda ɗaruruwan yara kan fito ta ƙofa ɗaya cikin 'yan mintuna.

Yanayin garuruwan gefen Abuja

Makarantun tsakiyar birni na fama da cunkoson motocin iyaye. A garuruwa irin Paikon Kore, Dobi da Ibwa kuwa, yawancin ɗalibai a ƙasa suke zuwa, ko a goyo su a babur. Tun daga watan Oktoban 2006 aka hana acaba a tsakiyar Abuja, amma a ƙananan hukumomin gefe babur ne abin hawan yau da kullum, kuma ba baƙon abu ba ne a ga yara uku ko huɗu a kan babur guda ba tare da hular kwano ba.

Hanyoyin karkara galibi ba su da gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, don haka yaro da babur da motar kaya kan haɗu a kan kwalta ɗaya. A yankin kiwo akwai ƙarin garken shanu da ke tsallaka titi, wanda kan sa direba ya kauce ba shiri. Da damina ciyawa kan tsawo ta rufe kwana, da hunturu kuma hazo kan rage nisan gani da sassafe, daidai lokacin da yara ke kan hanya.

Dalilin da ya sa gudu ne jigon maganar

Ƙa'idojin hanya na Najeriya sun kayyade kilomita 50 a sa'a ga motoci a cikin gari. Masana na ganin wannan ya yi yawa a gaban makaranta, kuma lissafi ya goyi bayansu. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a sa'a tana cin kimanin mita 8 a daƙiƙa guda, mai kilomita 50 kuma kimanin mita 14. Direba kan ɗauki aƙalla daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki. A busasshiyar kwalta, mai tafiyar 30 zai tsaya cak bayan kimanin mita 13, alhali mai tafiyar 50 a wannan tazarar bai ma fara taka birki ba. Idan yaro ya faɗo titi a wannan nisa, motar farko za ta tsaya a gabansa, ta biyu kuwa da cikakken gudunta za ta same shi.

Saboda haka ne taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a kayyade kilomita 30 a sa'a a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin rage mace-mace da raunukan hanya da aƙalla rabi.

Matakan da aka gwada

Allon gargaɗi shi kaɗai ba ya hana gudu, domin direban da ke sauri kan wuce shi. Abin da ke tilasta masa sassautawa shi ne tudun rage gudu da aka gina bisa ƙa'ida, aka shafa masa fenti, aka kafa allo kafin a iso shi. Tudun da mutanen gari kan yi da ƙasa ko kututture, ba alama, yakan kayar da masu babur da dare, don haka ya fi dacewa a nemi hukuma ta gina shi.

Sauran matakan sun haɗa da zanen tsallaka titi daura da ƙofar makaranta, da hanyar ƙafa a gefen kwalta, da hana ajiye mota ko kasa kaya a bakin ƙofa domin direba da yaro su ga juna. Ya kamata a ware wa babura da adaidaita sahu wurin sauke yara a gefen da makarantar take, yadda yaro ba zai tsallaka ba bayan ya sauka. Inda ƙofa ke kallon babban titi kuma akwai lungu a gefe, mayar da ita lungun kan kawar da haɗarin daga tushe. Sallamar ƙananan azuzuwa 'yan mintuna kafin manya ita ma tana rage turereniya, kuma ba ta cin ko sisi.

An gwada irin waɗannan gyare-gyare a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, inda ƙungiyar Amend ta gina tudun rage gudu da hanyoyin ƙafa a kewayen makarantun firamare, tare da koyar da ɗalibai. Binciken da aka yi kan shirin ya gano raguwar raunuka da kashi 26 cikin ɗari a makarantun da aka gyara.

Wa ke da alhaki

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokar 2007, ita ce ke da hurumin wayar da kai da hukunta masu karya dokar hanya. Tana da jami'an sa-kai da ƙungiyoyin kiyaye haɗurra a makarantu, kuma ana kiranta kyauta a lamba 122 idan haɗari ya auku. A Birnin Tarayya akwai kuma 'yan sanda da jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO. Gyaran hanya da alamominta na wuyan hukumar da ta mallaki hanyar, makarantun firamare na gwamnati kuma suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya da sassan ilimi na ƙananan hukumomi.

Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya rubuta wa ƙaramar hukuma da ofishin FRSC mafi kusa, ta hannun hakimi ko kansila, suna neman tudu da zane da allo. Kafin a amsa, za su iya tsayar da babban mutum sanye da riga mai ɗaukar ido ya riƙa tsallakar da yara safe da rana.

Abin da ya rage ga iyaye

A Najeriya motoci hannun dama suke bi tun 1972. Saboda haka inda babu hanyar ƙafa, yaro ya bi gefen hagu yana fuskantar motocin da ke tahowa, kuma a jere ɗaya bayan ɗaya. Kafin tsallakawa ya tsaya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, sannan ya wuce da tafiya, ba da gudu ba. Ƙananan yara na buƙatar babba ya riƙe musu hannu. A cikin mota, wanda bai kai shekara 12 ba kujerar baya ce wurinsa. Wanda ke biyan ɗan acaba ya kai masa yara makaranta kuwa yana da ikon gindaya masa sharaɗin yawan yaran da zai ɗauka da irin gudun da zai yi, tun kafin su hau.