Daga Huhun Goro Zuwa Jami'a: Tarihin Karatu A Sabon Ibadan

Tun da 'yan kasuwarmu suka kafa asusun tallafa wa yaran da ke ajin ƙarshe na sakandare, muna ta jin wasu na cewa wannan baƙon abu ne, me ya haɗa ɗan kasuwa da kuɗin jami'a? To, Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, bari mu ɗan duba baya.

Kafin a yanka mana wannan unguwa, kakanninmu a warwatse suke cikin gidajen Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, sai fataucin goro da na shanu ya buɗe, baƙi suka yi ta sauka. A 1916 aka ba Hausawa wuri nasu kusa da Mokola, aka naɗa musu sarki, shi ne Sabo ɗin da muke ciki yau.

Abin da ya riƙe Sabo a wancan zamani shi ne maigida. Falke ya zo da shanu daga Arewa, maigida ne zai sauke shi, ya ci da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa har mahauta su biya bashi. Haka ma mai sayen goro, a gidan maigida ake zaɓe, a ɗaure huhu, a kai tasha. Amma akwai wani nauyin da ba a faye ambata ba. Kusan kowane babban maigida yana da malaminsa, shi ke ba shi ɗaki da tuwo da tufafin salla, almajirai kuma su yi karatu a zaure. Wato dai tun fil azal ribar goro da shanu ce ke ɗauke da ilmi a unguwar nan.

Inda muka yi sake shi ne wajen boko. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ga ta nan kan hanyar Oyo, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar gidajenmu. A 1955 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta mai da karatun firamare kyauta. Maƙwabtanmu suka tura 'ya'yansu, yawancin iyayenmu kuwa suka noƙe. Ba mu ga laifinsu ƙwarai ba, domin makarantu da yawa na mishan ne, suna tsoron kada yaro ya bar addininsa. Mu da muka taso lokacin UPE ta 1976, da dama an sa mu firamare, amma da yaro ya iya lissafi sai a ce ya isa, a ja shi rumfa. Islamiyya ce ta cece mu, Allah ya saka wa malamanmu da alheri.

Mun kuwa ɗanɗana kuɗarmu. Takardar banki sai an karanta mana, rikicin fili ko na rumfa ya taso sai mun nemo lauya a waje, matanmu su je asibiti ba likitan da ke jin harshensu.

Yaran yanzu sun fi mu himma, suna gama sakandare, amma ga wani ƙulli. Tallafin karatu na jiha sai mai takardar shaidar asali. Yaron da aka haifi ubansa da kakansa a Sabo, a nan a ce masa ɗan Arewa ne, ya je Kano ko Katsina a tambaye shi gidansu a wace unguwa yake. Ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Gaskiya ne gwamnatin tarayya ta fito da bashin karatu a 2024, amma sai wanda ya riga ya sami gurbi, kuma bashi ne, za a biya. Kuɗin WAEC da NECO da JAMB, da kuɗin rajistar farko, suna wuyan uba, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma.

Wannan giɓi ne asusun ya zo ya cike. 'Yan goro da 'yan shanu da 'yan hatsi da 'yan canji ne suka haɗa hannu, za a biya wa yaro kuɗin jarrabawa, in ya ci a taimaka masa da rajista. Mace da namiji duk ɗaya ne, ba a kuma tambayar garin kakan kowa, zama a Sabo ya wadatar. Iyaye su karɓi fom a ofishin ƙungiya, su haɗo da sakamakon yaro da takarda daga shugaban makarantarsa.

Ku kuma 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ba ku sa hannu ba tukuna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu gidan da suka ciyar da malamai ba su fi mu samu ba. Allah ya jiƙansu, ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.