Fassarar masoya da haƙƙin marubuci: tarihin wata taƙaddama daga Japan

Yarjejeniyar Berne, wadda aka rattaba wa hannu a ƙasar Suwis a 1886, ita ce ta fara kafa ƙa'ida tsakanin ƙasashe cewa fassara haƙƙi ce ta mai littafi. Japan ta shiga cikinta a 1899, a lokacin da ita kanta take ƙishirwar littattafan Turai. Marubuta irin su Kuroiwa Ruiko sun juya labaran Alexandre Dumas da Victor Hugo zuwa harshen Japan, har da sauya sunayen taurarin labaran. Domin kare wannan hanya ta samun ilimi, hukumomin ƙasar sun riƙe wani sharaɗi: littafin waje da ya shekara 10 ba a fitar da fassararsa da izini ba, kowa na iya fassara shi. A 1905 kuma suka ƙulla yarjejeniya da Amurka wadda ta halatta fassara tsakanin ƙasashen biyu ba tare da neman izini ba. Sai da dokar 1970 ta zo aka soke sharaɗin shekara 10 ga sababbin littattafai.

Da shigowar ƙarni na 21 al'amarin ya juya. Gajerun littattafan ƙagaggun labarai masu zane, waɗanda ake rubutawa don matasa, sun samu masoya a wajen Japan, alhali kamfanonin ɗab'i ba su damu da fassara su ba. Matasa masu jin harshen suka ɗauki aikin a kansu, kyauta, suna rarraba shi ta intanet. Labarin Suzumiya Haruhi na Tanigawa Nagaru, wanda ya fito a 2003, ya shiga hannun masu karatu da Ingilishi ta wannan hanya shekaru kafin fassararsa ta halal ta bayyana a 2009.

Masu wannan aiki sun kafa wa kansu al'ada: da zarar wani kamfani ya sayi lasisin littafi, sai su janye tasu fassarar. Sai dai al'ada daban, doka daban. Sashe na 8 na yarjejeniyar Berne ya ba marubuci kaɗai ikon yin fassara ko ba da izininta, ko da ba a karɓi kuɗi ba. Hujjar masoya ita ce suna buɗe wa littafi kasuwa. Hujjar masu ɗab'i kuwa ita ce wanda ya karanta kyauta ba lalle ya saya ba, kuma fassarar da ba ta da inganci na zubar da ƙimar marubuci a idon baƙi.

Abin da ya rage taƙaddamar shi ne kasuwa. Kamfanin Yen Press ya buɗe sashe na musamman don irin waɗannan littattafai a 2014. A 2016 Sam Pinansky, wanda shi ma ya fito daga cikin masu fassarar sa-kai, ya kafa J-Novel Club, mai fitar da fassara kashi-kashi da izinin masu haƙƙi. Kamfanin Kadokawa na Japan ya sayi kaso mafi rinjaye na Yen Press a 2016, da na J-Novel Club a 2021. Doka ma ta ƙara tsauri: a ƙarshen 2018 aka tsawaita kariya zuwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kuma daga Janairun 2021 sauke littafin sata da sani ya zama laifi a Japan.

Nijar ma tana cikin yarjejeniyar Berne. Saboda haka malami ko ƙungiyar al'adu da ke son juya littafin wani zuwa Hausa, wannan ƙa'ida ta hau kansu: a nemi izinin mai haƙƙi tukuna, sai fa in wa'adin kariyar littafin ya riga ya ƙare.