Tazargade: Ganyen da ya haɗa kasuwar Maigatari da magungunan gargajiyar Sin

Tazargade busasshen ganye ne mai ɗaci da ƙarfin ƙamshi, daga dangin tsirran da masana ke kira Artemisia. A masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ana samun sa a wurin 'yan koli da masu maganin gargajiya, har a kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar. Ana turara shi, ana jiƙa shi a sha, musamman don mura da zazzaɓi.

Sunan ganyen ya ƙara fitowa a 2020, lokacin da shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya tallata wani tsimin Artemisia a matsayin maganin korona, iƙirarin da babu gwajin da ya tabbatar da shi.

Amma tarihin da ya ɗaukaka wannan dangi a ƙasar Sin yake. Nau'in Artemisia annua, wanda Sinawa ke kira qinghao, ya daɗe cikin littattafan maganinsu. A ƙarni na 4, wani masani mai suna Ge Hong ya rubuta cewa a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha don zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman maganin maleriya. Tu Youyou, wadda ta jagoranci ɗaya daga cikin rukunonin, ta lura cewa Ge Hong bai ce a tafasa ba, sai ta tace ganyen ba tare da zafi mai yawa ba. A 1972 aka ware sinadarin atemisinin. Aikin ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015.

Wannan sinadari shi ne ginshiƙin magungunan ACT, waɗanda Najeriya ta koma gare su a 2005 bayan kulorokwin ya daina cin ƙwayar cutar.

A nan ne ruɗani ke shigowa. Dangin Artemisia ɗaruruwa ne, kuma abin da ake aunawa a kasuwa da sunan tazargade ba lallai ya zama irin na Sin ba. Ko da shi ne, yawan sinadarin ya danganta da ƙasar da aka shuka shi da yadda aka shanya shi. Shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan jiƙon ganyen don maganin maleriya: abin da ke ciki kan kwantar da zazzaɓi ba tare da ya kashe ƙwayar cutar duka ba, waɗanda suka tsira kuma su ne ke bijire wa magani. An riga an ga alamun wannan bijirewa a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya.

Ga yaron da jikinsa ya yi zafi a ƙarshen damina a ƙauyen Gagarawa, kwana biyun da aka ɓata ana ba shi jiƙo kafin a gwada jininsa sun isa zazzaɓin ya kai ga jijjiga.