Gaɓar “ba” a Adarci da Wasu Harsuna: Haɗuwa, Aro ko Gado?

Tsakure

Maƙalar ta nazarci gaɓar “ba” a Hausar Adar, kamar yadda ake jin ta a Badaguishiri ta gundumar Illela, ta kwatanta ta da takwarorinta a harsuna na kusa da na nesa. Manufarta ita ce nuna cewa kamannin furuci a kalma mai gaɓa ɗaya ba ya isa hujjar dangantaka.

“Ba” a cikin gida

A karar dabbobi ta Badaguishiri, kan hanyar Ƙonni zuwa Tawa, ciniki ɗaya na iya ɗaukar “ba” huɗu. Dillali ya riƙe igiyar rago ya ce, “Alhaji, ba ni jaka hamsin.” Mai saye ya girgiza kai: “Ba kuɗi, malam.” Ya nemi ragi, dillali ya ce, “Ba ni ba ne mai shi, wancan Ba'adaren ne.” Ta farko aikatau ce ta bayarwa, doguwa mai karin ƙasa saboda umarni. Ta biyu gajeruwar “babu” ce, karinta faɗau. Ta uku korewa ce, mai zuwa da abokiyarta a baya. Ta huɗu ɗafa-goshi ce mai nuna asali, irin ta Bahaushe da Bagobiri.

Babu mahalarcin wannan ciniki da zai rikice, domin tsawon wasali da karin sauti da gurbin kalma a jimla sun raba su. Rubutun boko ne ya haɗe su, tunda ƙa'idojinsa a Nijar da Nijeriya ba sa nuna tsawo ko kari. Shi ya sa Bargery a ƙamusunsa na 1934, da Bernard Caron a littafinsa kan Adarci na 1991, suka yi wa wasula alama. A ganina, duk mai kwatanta harsuna da rubutun yau da kullum kaɗai ya fara aiki da ido ɗaya.

“Ba” a waje

Bazabarme idan ya ce “ay ga ba ni”, nufinsa “ina son ka”. “Ba” a wurinsa so ce, “ni” kuma kai ce, alhali kunnen Bahaushe roƙo yake ji. A Bambaranci “ba” na nufin uwa, kogi ko akuya. A Yarbanci tana nufin tarar da mutum. A Sinanci takwas ce da karin sama, uba ce da faɗau. A harshen Biyetnam uku ce, a Farisanci “tare da”, a Faransancin da yaran Illela ke koya a makaranta kuwa “bas” na nufin ƙasa-ƙasa.

Lissafi ya isa ya bayyana yawancin wannan. Harshe mai baƙaƙe 20 da wasula 5 gaɓoɓi 100 kawai zai samu na tsarin baƙi da wasali, ga harsunan duniya kusan 7,000, kuma /b/ da /a/ na cikin sautukan da suka fi yaɗuwa. Dole a yi ta karo.

Sai dai akwai wurare biyu da haɗuwa kawai ba ta gamsar. Na farko “baba”, wadda Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Turkanci duk ke kiran uba da ita. Roman Jakobson ya nuna a 1960 cewa sautukan leɓe da wasalin /a/ su jariri ke fara furtawa, iyaye kuma su ɗauka su ake kira. Na biyu Barbarci, inda “ba” ke nufin babu, kamar a Hausa. Harsunan ba dangi ba ne, amma sun daɗe suna maƙwabtaka har Hausa ta ari “kasuwa” da “karatu” ta hannun Barebari, don haka tambayar aro a nan halal ce.

Batun Misira

Abin da ya fi damuna shi ne masu jero kalmomi irin wannan don su ce Hausa daga tsohuwar Misira ta fito. A harshen Fir'aunoni “ba” wani sashe ne na ruhin mutum, ana zana shi tsuntsu mai kan ɗan Adam. Ba abin da ya haɗa shi da bayarwa ko korewa. Dangantakar kuwa akwai ta, domin Greenberg a 1963 ya sa Hausa, a reshen Cadi, gida ɗaya da Misiranci da Larabci da harshen Buzayen da ke kawo raƙuma kasuwannin Adar. Amma hujjarsa tana cikin ƙirar nahawu: /t/ mai nuna mace, wadda ke cikin “ta zo” da sunayen garuruwa irin Tabalak, da saiwar “mutu” da ta dace da “mata” ta Larabci da “mwt” ta Misiranci a sauti da ma'ana gaba ɗaya. 'Yan'uwantaka ce ta kaka ɗaya, kuma ba ta nuna ɗayansu ya haifi ɗaya.