Daga Blumlein zuwa falon gida: tarihin risibar sauti da darasinsa ga mai saye

A shekarar 1931 wani injiniyan kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya shiga gidan silima da wadda daga baya ta zama matarsa, ya fito yana ƙorafi. Abin da ya dame shi shi ne ɗan wasa yana tsaye a gefe ɗaya na majigi, muryarsa kuwa tana fitowa daga lasifika guda da ke wani wurin dabam. A watan Disamba na wannan shekarar ya shigar da takardar mallakar fasahar da daga baya aka sani da sitiriyo, wato raba sauti gida biyu, hagu da dama, domin kunne ya gane inda kowace murya take. Blumlein bai ga bunƙasar ƙirƙirarsa ba, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1942 yana gwajin na'urar rada. Amma tambayar da ya tayar, yadda za a sa sauti ya zauna a inda ya dace a cikin ɗaki, ita ce har yau take fuskantar duk wanda ya tsaya a shago zai sayi risiba, akwatin nan da ke karɓar hoto da sauti daga talabijin da sauran na'urori, ya ƙara wa sautin ƙarfi, ya rarraba shi ga lasifikoki.

Gidajen silima ne suka fara gwada kewaye mai kallo da sauti. A 1940 kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin Fantasia da tsarin da ya kira Fantasound, mai layukan sauti da yawa da lasifikoki a sassan zauren. Tsadar kayan ta sa gidaje ƙalilan ne suka iya ɗauka, yaƙin duniya kuma ya ƙarasa shi. Shi kuwa gida, nasa tarihin ya faro ne a 1954, lokacin da Sidney Harman da Bernard Kardon suka haɗa rediyo da amfilifaya da maɓallan sarrafa sauti a akwati ɗaya mai suna Festival D1000. Kafin nan mai son sauti mai kyau sai ya sayi kowanne dabam, ya yi ta fama da wayoyi.

Shekarun 1970 sun bar kurakurai biyu da ya kamata mai saye ya sani, domin ana maimaita su har gobe. Na farko shi ne sautin lasifika huɗu. Kamfanoni suka rabu: CBS da tsarinsa na SQ, Sansui da QS, JVC da CD-4, kuma faifan wani ba ya ba da cikakken sautinsa a na'urar wani. Mutane suka kashe kuɗi a kan akwatunan da bayan 'yan shekaru babu sabon faifan da za a saka musu, kafin ƙarshen shekarun goman maganar ta mutu. Na biyu shi ne tseren wat. Masu talla sun riƙa buga lambobin da na'ura ba ta iya kaiwa sai na ƙiftawar ido, har hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a 1974 cewa dole a bayyana ƙarfin da amfilifaya ke iya riƙewa a ɗore, tare da nauyin lasifikar da aka gwada da ita da yawan gurɓacewar sauti. Dokar ta rage ƙarya, ba ta tsayar da tseren ba. A 1978 Pioneer ya fitar da SX-1980 mai wat 270 a kowane layi da nauyin kusan kilo 35, Technics kuma ya kai 330 da SA-1000.

Abin da tallan bai faɗa ba shi ne lissafin kunne. Ninka wat sau biyu ba ya ƙara sauti sai da desibel 3, ƙarin da ake ji amma ba mai yawa ba. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato ƙarfin wuta ninki goma. Lasifikar gida ta yau da kullum tana ba da desibel 85 zuwa 90 daga wat ɗaya tak, a tazarar mita ɗaya, kuma wannan ya riga ya kai ƙarar da maƙwabci zai ji. Saboda haka bambancin risiba mai wat 80 da mai wat 100 bai kai desibel ɗaya ba, kuma wanda ya ƙara kuɗi mai yawa domin wannan bambancin kaɗai ya sayi lamba ce. Har yanzu ana wasa da alƙaluman: kwali zai ce wat 150, amma a ƙananan rubutu a ga an auna layi ɗaya ne kawai, a kan lasifika mai om 6, da gurɓacewar kashi 10 cikin ɗari. Adadin da ya cancanci kwatantawa shi ne wanda aka auna da layi biyu a lokaci guda, a kan om 8, da gurɓacewa ƙasa da kashi ɗaya.

Wanda ya dawo da sautin kewaye bayan faɗuwar lasifika huɗu shi ne kamfanin da Ray Dolby ya kafa a Landan a 1965. Dabararsa ta tsakiyar shekarun 1970 ita ce ɓoye layuka huɗu a cikin biyu da ke jikin fim: hagu, tsakiya, dama da baya. Gidan silimar da ba shi da sabbin kaya zai iya nuna fim ɗin yadda ya saba, mai kayan kuma ya sami ƙari. Star Wars na 1977 ya sa masu gidajen silima suka yi rububin sayen na'urar. Tsarin ya shiga gida a 1982, sannan Pro Logic na 1987 ya kawo lasifikar tsakiya, wadda ke riƙe maganar 'yan wasa a jikin allo, ainihin abin da Blumlein ya nema. Daga nan abubuwa suka yi sauri: Dolby Digital da Batman Returns a 1992, DTS da Jurassic Park a 1993, faifan DVD a 1996 da 1997, wanda ya mayar da 5.1 abin gida. Lambar tana nufin lasifika biyar da wufa ɗaya mai ɗaukar sauti mai kauri.

A tsakiyar wannan labari akwai mutumin da ya fi kowa mayar da hankali ga ɗaki. Tomlinson Holman, injiniya a kamfanin Lucasfilm, ya lura cewa ana haɗa sautin fim da kyau a situdiyo, ya je gidan silima ya lalace saboda amsa-kuwwar bango da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da lasifikar da aka ajiye ba daidai ba. Ma'aunin THX da aka ƙaddamar a 1983 na zauren ne gaba ɗaya, har da gininsa. Daga wannan aiki ne aka gaji al'adar tura duk sautin da ke ƙasa da haz 80 zuwa wufa, abin da ke sauke wa risiba da ƙananan lasifikoki nauyi mafi girma. Holman yana cikin waɗanda suka kafa Audyssey a 2002, tsarin da ke auna ɗaki da makirufo ya gyara tazara da ƙarfin kowace lasifika. Yamaha yana da nasa mai suna YPAO, Pioneer yana da MCACC. Ƙaramin makirufon nan da mutane da yawa ke bari a cikin kwali ya fi ƙarin wat ashirin amfani nesa ba kusa ba, ko da yake ba ya iya shanye amsa-kuwwa. Falon da ke da tayil a ƙasa da bangon siminti tsirara, irin wanda ya yawaita a sabbin gidajen Kano da Abuja, kafet da labule mai kauri da kujerun kushin za su gyara masa sauti fiye da sauya na'ura.

Dolby Atmos, wanda ya fara da fim ɗin Brave a 2012 ya shigo gida a 2014, ya ƙara lamba ta uku: 5.1.2 na nufin akwai lasifika biyu a sama. Nan ne ya kamata mai saye ya auna ɗakinsa kafin aljihunsa. Idan kujera tana jingine da bangon baya, kamar yadda take a mafi yawan faluka, lasifikokin baya na 7.1 ba su da wurin zama, kuma 5.1 da aka jera daidai ya fi su. Idan gidan haya ne da ba za a huda silin ba, layukan sama za su zauna babu aiki. Risiba mai layi tara ko goma sha ɗaya ta ɗakin da aka gina domin kallo ce. Ga ɗaki matsakaici, mai layi biyar ko bakwai ta wadatar, ragowar kuɗin kuma ya fi kyau ya tafi ga lasifikokin gaba uku da wufa, domin su ne ke yin shekara ashirin suna aiki, alhali risiba tana tsufa da zarar an sauya ma'aunin waya.

Wannan tsufan ya samo asali ne daga HDMI, wadda ta fito a ƙarshen 2002 ta haɗa hoto da sauti a waya guda. Ta kawar da tarin wayoyi, amma ta ɗaure risiba da zamanin talabijin: wadda aka saya kafin 4K ba ta iya wuce da hotonsa, ko da amfilifayarta lafiya lau take. Sabon ma'auni ma yana da nasa haɗari. A 2020 wasu risibobin farko masu HDMI 2.1 sun zo da matsalar da ta hana su nuna hoton 4K mai firam 120 daga wasu na'urorin wasan bidiyo, sai daga baya aka gyara. Abin da ya rage wannan damuwa shi ne eARC, hanyar da ke ba da damar a haɗa komai da talabijin, ita kuma ta mayar wa risiba da cikakken sauti ta waya ɗaya. Wanda talabijin ɗinsa da risibarsa duk suke da ita ba dole ne ya bi kowane sabon yayi ba.

Saura maganar wuta, wadda takardun talla na ƙasashen waje ba sa tabowa. Risibar da aka ƙera domin kasuwar Amurka tana aiki da bolt 120, ta Japan da 100, layin Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ne, kuma yawancin risibobi ba sa sauya kansu kamar cajar waya. Mai sayen ta hannu da aka shigo da ita sai ya duba rubutun da ke bayanta kusa da wayar wuta, ya sa kuɗin taransifoma da sitabilaiza a cikin lissafinsa tun farko, ya kuma tabbatar makirufon awo da rimot suna cikin kwalin. Akwatin yana fitar da zafi sosai, musamman a watannin bazara, don haka yana bukatar sarari a samansa da kanta mai buɗaɗɗen baya.