Turbobin Keke na Naraguta: Abin da Iyayenmu Suka Taka

Kwanakin baya, bayan sallar La'asar, wani yaro daga cikin ɗalibaina ya ga na jingine tsohon kekena a jikin katangar masallaci, sai ya ce, "Malam, hala babur ɗin ne ya lalace?" Na yi dariya na ce lafiyarsa lau, mai ne ya gagara. Amma da na koma gida maganar ta tsaya mini a rai. Yaron nan bai san cewa a kan irin wannan ƙarfen aka ciyar da rabin gidajen unguwar nan ba, bai kuma san turbobin da aka bi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta ɗan abin da na sani, da wanda na ji daga mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Kowa ya san kuza ce ta tara mu a nan. Tun kafin zuwan Turawa akwai maƙeran Hausawa masu narka ta a Ririwai, kuma labarinta ne ya jawo kamfanin Neja ya turo mutanensa su nemo inda take fitowa. Wajen 1903 zuwa 1904 wani Bature mai suna Laws ya iso wannan yanki, ya kafa sansani a Naraguta, kusa da kogin Dilimi, a ƙasar da mutanen Anaguta ke zaune. A lokacin ba titi, ba jirgi. A ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi ta kwanaki a hanya har Loko, bakin kogin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Naraguta ce ma cibiyar mulkin yankin, ƙarƙashin lardin Bauci, kafin a mayar da ofisoshi Jos, daga baya kuma a yanke lardin Filato a 1926.

Saboda kuzar nan aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya bi ta Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya hawo Jos da Bukuru a 1914. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan. Jirgi ya kwashi kuza ya kai bakin teku, ya dawo da gishiri da atamfa da kwanon sha, da kuma keke. Mafi shahara shi ne Raleigh, ƙirar birnin Nottingham na Ingila. Tsofaffi kan ce lebura idan ya tara kuɗin kuza, abu biyu ne a ransa: aure da keke. Wani ma keken yake fara saya, wai shi zai kai shi gidan surukai da mutunci.

To amma jirgi tasha yake tsayawa, mota kuma a wancan zamani ta Bature ce da manyan attajirai. Tsakanin tasha da sansanonin haƙar kuza, da tsakanin kasuwa da ƙauyuka, ƙafa ce da jaki, sai keke ya shigo ya rage wahala. Mai goro, mai koli, mai kilishi, dukawanmu masu jaka da takalmi da aka san Naraguta da su, har malamin da ake gayyata raɗin suna a wani sansani, duk keke ne abin hawansu. Abin ya yi yawa har hukumar En'e ta sa masa lasin, ana biya duk shekara, a ɗaura ɗan ƙarfen shaida a jikinsa. Wanda ɗan doka ya kama ba lasin ko ba fitila da dare, ya san sauran.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce ina keke ina Jos, gari a kan tudu, duwatsu ko'ina? Ai iyayenmu ba su yi faɗa da dutse ba, kewaye shi suka yi. Mai keke da kaya a kariya ba ya son hawa, don haka kwari yake bi, da gefen rafi, da tsakanin gonaki. Mahaifina hanyoyi biyu ya fi bi. Ta farko ita ce ta arewa, wadda ke bin gangaren Dilimi ta wuce Babale, ta faɗa ƙasar Toro wajen Tilden Fulani, inda duwatsu ke ja da baya, fili ya buɗe, sai gonakin masara da dawa da dankali iya ganinka. Ta biyu ta ɓangaren Jengre ce. Da aka rufe ƙaramin layin dogon nan a 1957 aka kwashe ƙarafunansa, ya ce wani wurin ya koma titi, wani wurin kuwa ya zama turba, kuma ba turbar da ta fi ta daɗin keke, domin jirgi ba ya hawan tsaye, a hankali aka sassaƙa masa hanya.

Ni na tarar da ƙarshen abin. Ina ɗan shekara goma sha, ranar da ba makarantar Islamiyya, Baba kan ɗora ni a kan sandar gaba, kaya na baya, mu fita bayan Asuba da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Ba ka jin komai sai ƙarar kaca da kukan tsuntsaye. Mu wuce matan Fulani da ƙwaryar nono, mu wuce masu yankan acca, mu wuce tsofaffin kududdufan kuza da mutane suka mayar wurin noman rani, ga kabeji ga karas ga tumatir. Famfo da sholisho da guntun tsohon tif ba sa rabuwa da aljihunsa, don ƙaya ba ta sallama kafin ta shiga taya.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne yawan tsayawar da muke yi. Mai keke ba ya wuce mutum a gona bai ce sannu da aiki ba. A kowane ƙauye Baba yana da gidan da zai jingine keke ya sha ruwa. Akwai wani dattijo mutumin Anaguta, ba addininmu ɗaya ba, amma shi ke nuna mana inuwar da za mu yi Azahar, har ya sa a kawo ruwan alwala. Baba kan bar masa kaya bashi sai bayan girbi, ba takarda ba shaida. Ran da kaca ta tsinke mana magariba ta kawo jiki, a gidansa muka kwana. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Mu kam a feda muka same ta.

Me ya kashe turbobin nan? Da farko dai arziki ne. Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya kawo babura da motocin haya, kowa ya koma kwalta, keke ya zama abin hawan wanda bai samu ba. Sannan kuza da kanta ta faɗi, musamman bayan rushewar kasuwarta ta duniya a 1985, sansanoni suka watse, masu sayen kayanmu suka ragu. Gari kuma ya yi ta cin gona. Jami'a ta zauna a gefenmu, filaye suka zama fuloti.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma mun san ta: abin da ya ƙarasa su tsoro ne. Daga rikicin Satumbar 2001, da na 2008, da na 2010, garin nan ya rabu, kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa. Akwai gidaje a unguwar nan da suka rasa mutane a kan hanya, akwai kuma irinsu a wancan ɓangaren. Ba zan ce wa wanda aka kashe wa ɗa ya manta ba. Ni kaina na fi shekara ashirin ban bi turbar da muke bi da Baba ba. Dattijon nan ya rasu ban je gaisuwa ba, sai a kasuwar Farin Gada na haɗu da ɗansa ya gaya mini. Ya ce tsohon har ya kwanta ciwo yana tambayar ɗan mai goro. Wallahi ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai na sauko da keken Baba daga rataye, na kai wa mai gyara ya sa taya da birki. Da farko shago da masallaci kawai nake zuwa da shi. Ran nan na aika wa ɗan dattijon cewa ina tafe, ya tare ni a hanya, muka ƙarasa tare. Wani wurin katanga ta tare turbar, wani wurin zaizaya ta cinye ta, sai ka ɗauki keke a kafaɗa. Amma gonakin na nan, itacen da muke salla a ƙarƙashinsa yana nan. Wata tsohuwa ta dube ni ta dubi keken, ta kira sunan mahaifina.

Shawarata ga 'yan uwa guda uku ce. Na ɗaya, 'yan makarantarmu su zauna da dattawan da suka rage, su rubuta sunayen turbobi da rafuka da gidajen da ake sauka, tun kafin masu sanin su ƙare. Na biyu, wanda zai bi, kada ya yi garaje: ya tafi da rana, da sanin mai unguwa, da wanda zai karɓe shi a can, kuma ya saurari halin da ake ciki, don hanyar lafiya a bi ta da shekara. Na uku, mu daina yi wa mai keke kallon wanda ya gaza. Yaron da ke zuwa makaranta a kan keke ya rage wa ubansa kuɗin mota, ya kuma san maƙwabtansa.

Turba idan ba a bin ta, ciyawa ke rufe ta, kuma haka sanayya take. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka taka ta, ya zaunar da garinmu lafiya, ya ba mu ikon riƙe haƙƙin maƙwabtaka. Amin.